Mu biyar ne a kamfaninmu, anya za mu iya injiniyancin tsari?

Tambaya: Mu biyar ne muke da ɗan wurin aiki a Sharaɗa, muna ƙera na'urar ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da sola. Mun sayar da kusan talatin, amma wasu sun dawo mana da ƙorafi. Wani malaminmu na jami'a ya ce abin da muka rasa shi ne sistem injiniyarin. Da na bincika sai na ga harkar NASA ce, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da masu ƙera jiragen yaƙi, ga takardu tuli guda. Ƙaramin kamfani irin namu zai iya wannan ba tare da jari ya karye ba?

Amsa: Ƙanena, malaminku ya faɗi gaskiya, kai ma tsoron da ka ji yana kan hanya. Idan ka ɗauko abin yadda NASA ke yinsa ka ɗora wa mutum biyar, ɗaukar Dala ba gammo ke nan, kafin ku gama rubuce-rubuce kuɗin haya ya cinye jarin. Sai dai waɗancan takardun da suka tsorata ka ba su ne ainihin aikin ba, kuma in ka san dalilin da ya sa suka yi yawa za ka san waɗanda za ka zubar.

Abin da Turawa ke kira sistem injiniyarin, ni injiniyancin tsari nake ce masa, wato kallon abin da ake ƙerawa gaba ɗayansa da yadda sassansa suke aiki tare, ba sashe-sashe ba. Sunan ya fara fitowa ne a ɗakunan binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka cikin shekarun 1940, ya girma a ayyukan makamai masu linzami da shirin Apollo na zuwa duniyar wata. Dubi yanayin da ya girma a ciki. Mutane dubbai ne a kamfanoni daban-daban, wanda ke ƙera injin bai taɓa ganin fuskar wanda ke ƙera tankin mai ba, gwamnati ce ke biya, kuma roka in ta tashi ba a dawo da ita gareji a gyara. A irin wannan wuri takarda ita ce ke maye gurbin hira. Ku kuwa ku biyar shayi ɗaya kuke sha da safe, don haka rabin takardun nan ba ku da buƙatarsu. Abin da ba za ku tsere masa ba shi ne tambayoyin da takardun ke amsawa: me mai saye yake so, a wane yanayi na'urar za ta zauna, ina sassanta suke haɗuwa, me zai iya lalacewa, kuma ta yaya za mu tabbatar ta yi abin da muka ce.

Su kansu masu fannin sun san da wannan matsala. Babbar ƙa'idar fannin, ISO 15288 da ta fara fitowa a 2002, ta yarda kowace ma'aikata ta rage ta gwargwadon aikinta. Akwai ma wata ƙa'idar daban, ISO 29110, da aka rubuta musamman don ƙananan wuraren aiki da ba su wuce mutum 25 ba. Saboda haka rage nauyin ba ha'inci ba ne, yana cikin koyarwar.

Akwai wani bambanci da ya fi yawan ma'aikata muhimmanci, kuma a nan na ga yaranmu da suka fito daga jami'a suna tuntuɓe. A kwangilar gwamnati, mai aiki ne yake rubuto maka sharuɗɗansa, kai kuma ka faɗi farashi. A kasuwa abin a juye yake. Babu wanda zai rubuto maka komai. Hajiyar da ke kiwon kaji a bayan gida a Kumbotso ba za ta ce maka tana son zafin da ba ya kauce wa rabin digiri ba, cewa za ta yi: "Ina so in zuba ƙwai in ga 'yan tsaki, kuma kada ta ci mini kuɗin mai." Farashi kuwa kasuwa ta riga ta yanke shi tun kafin ka sayi ƙusa ɗaya, domin ga irin ta ƙasar Sin nan a shago. Aikinka na farko shi ne ka mayar da maganar Hajiya zuwa lambobi, kuma farashin sayarwa ya zama layi na farko a jerin, ba abin da za a lissafa a ƙarshe ba.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona, domin ya yi kama da naku. Wata shekara cikin watan Afrilu wani abokina ya roƙe ni in raka shi gonar kaji a hanyar Zariya, an saya wa mai gonar na'ura ƙirar gida, zubi biyu ta yi kyau, na uku ƙwai kusan kiret goma suka lalace. Mun isa bayan azahar. Ɗakin rufin kwano ne ba silin, taga ɗaya. Na'urar kyakkyawa, fenti fari, waldarta tsaf, allonta yana nuna 40.8. Na sa kunne, hita a kashe take, kwantirola, wato na'urar da ke kunna hita da kashe ta, ta yi aikinta daidai: ta ga zafi ya wuce 37.5 ta kashe hita. Daga nan ba ta da sauran abin yi, sai kallo. Fanka tana ta juya iska mai zafi, ita ma motarta tana ƙara nata ɗumin, ƙwai kuma da ya shiga makonsa na ƙarshe shi kansa zafi yake fitarwa. Mai gonar ya fasa mana guda uku a kan murfin bokiti, 'yan tsaki sun haɗu har da gashi, a mace. Yana ta cewa an sayar masa da jabun kaya. Babu jabu ko ɗaya a ciki. Kowane sashe lafiyarsa lau. Wanda ya ƙera ta ya kwafi zanen da aka yi don ƙasashen da zafin ɗaki yake ƙasa da na cikin na'ura a koyaushe, inda aikin na'ura ɗumamawa ne kawai. A Kano kuwa, tsakanin Maris da Mayu, rana tana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Na'urar da za ta zauna a nan dole ta iya sanyaya kamar yadda ta iya ɗumamawa. Layi ɗaya ne ya ɓace a takarda: zafin ɗakin da za a ajiye ta zai kama daga nawa zuwa nawa.

Kada ka ga kamar wannan kuskuren ƙananan maƙera ne. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta na farko, saboda an ɗauko manhajar da ta yi aiki lafiya a Ariane 4 an saka mata, ba a gwada ta da irin gudun sabuwar rokar ba. Wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, na'urar saita hanya ta tsaya. Ciwon iri ɗaya ne da na gonar hanyar Zariya: abin da ya yi aiki a can an ɗauka zai yi a nan.

To ga abin da zan sa ku yi da kuna hannuna. Shafi ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, na sharuɗɗa. Kowane layi da lamba, kuma kowane layi abin da za a iya aunawa. "Ta riƙe zafi sosai" ba sharaɗi ba ne, fata ne. Sharaɗi shi ne: zafin ciki 37.5, kada ya kauce fiye da rabin digiri a kowane tire, ko da zafin ɗaki ya sauka zuwa 12 da asubar hunturu ko ya hau 43 da ranar bazara. Laimar iska kashi 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe, ko a lokacin da buji ya busar da iskar gari ƙasa da kashi 20. Ta yi awa kaza ba rana. Ta shiga ƙofar ɗaki mai faɗin kaza. In masu sayenku suna zuba ƙwan zabi, wanda ke ɗaukar kwana 26 zuwa 28 ba 21 na kaza ba, shi ma ya shiga. Layi ashirin zuwa talatin sun isa. Ba a ofis ake samo su ba, sai kun zauna da masu kaji goma kun ga ɗakunansu, kun ga wa ke buɗe na'urar da safe. Sau da yawa yaron gida ne wanda bai iya karanta Turanci ba, wannan ma sharaɗi ne.

Da zarar an rubuta, za ku fara ganin yadda sharuɗɗan ke cin karo da juna, kuma nan ne zuciyar fannin take. Ka ce za ka sanyaya na'urar da jiƙaƙƙen buhun algarara a bakin mashigar iska. Dabara ce mai kyau, irin hikimar randa ce, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yi amfani da ita a tukunyarsa ta cikin tukunya har ya samu kyautar Rolex a 2000. A bazara tana aiki domin iska busasshiya ce. Amma ta ƙara laima, kuma in damina ta kankama ba ta sanyaya komai. Ka gyara zafi ka taɓa laima. Mai walda ba zai ga wannan ba, mai haɗa waya ba zai gani ba, domin kowa sashensa yake kallo. Dole a cikinku biyar a samu mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin kallon na'urar gaba ɗayanta, wanda babu canjin da zai wuce sai ya sani. Ba sabon ma'aikaci za ku ɗauka ba, ɗayanku ne zai ware yini ɗaya a mako.

Sai lissafin wuta, wanda kusan kowa ke yi da ka. Ɗauki misali na'urar da ke jan wat 100 a matsakaici. Daga biyar na yamma zuwa tara na safe awa 16 ke nan babu ranar kirki, wat-awa 1,600. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma in na ruwa ne rabi kawai za ka ja in kana so ya yi ƙarko, wato 1,200. Ka ga tun a takarda batir ɗaya da biyar na asuba zai ƙare, bai kai tara na safe ba, kuma ba mu cire abin da inbata ke ci ba. Mafita ta farko da ke zuwa wa mutum ita ce a ƙara batir, wadda ita ce mafi tsada. Wanda ke kallon tsarin gaba ɗaya zai tambaya: in na ƙara kaurin soso a bango da ƙofa, nawa jan hita zai ragu? In na sa hita da fanka masu aiki da wutar batir kai tsaye na cire inbata fa? Naira ɗaya a soso takan yi aikin naira da yawa a batir. Ka kuma tuna batirin ruwa ba ya son zafi, duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana iya raba tsawon rayuwarsa biyu, don haka inda za a ajiye shi ma yana cikin zane. Duk wannan lissafin Excel ko Google Sheets ya ishe shi.

Mahaɗa kuwa, wato inda aikin wani ya haɗu da na wani, nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. A Satumban 1999 NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya ya ba da lissafi da ma'aunin fam, ɗayan ya karanta da ma'aunin niyuton. Mu ma muna da namu. Zanenka da milimita ka yi shi, mai sayar da ƙarfe a Ƙofar Ruwa da inci da ƙafa yake magana, kafinta kuma da igiyar awonsa da ta miƙe. Takarda ɗaya a manne a bango ta wadatar: girman ramin fanka, tazarar tire, kaurin waya, launin waya mai wuta, girman fis, da ma'auni ɗaya tak da kowa zai bi.

Akwai wata dabara da sojojin Amurka suka fara rubutawa a 1949, masu ƙera motoci suka ɗauke ta daga baya, ana kiranta FMEA, wato nazarin hanyoyin da abu zai iya lalacewa da abin da hakan zai jawo. Kada sunan ya dame ka, zaman yamma ɗaya ne. Ku jera sassan na'urar, kowanne ku tambaya ta yaya zai mutu, in ya mutu me zai faru da ƙwai, kuma mai ita zai gane kafin ɓarna ta auku? Za ku tarar abin tsoro ba hita da ta mutu ba ce, domin ƙwai yana jure sanyi na 'yan awoyi. Abin tsoro rile ne, wato makunnin da kwantirola ke kunna hita da shi, in ya maƙale a kunne, hita ta yi ta ci har ta dafa ƙwai, da fankar da ta tsaya shiru cikin dare. Maganinsu mai araha ne: wani makashin zafi na biyu wanda ba ruwansa da kwantirola, da ƙararrawa mai ƙarar da za ta tashi mai barci. Ba kowane layi za ku magance ba. Ku ɗauki biyar mafi muni, sauran ku bar su da saninku.

Gwaji shi ne inda mutane ke zaton sai da ɗakin bincike na miliyoyi. Ƙa'idar dai ita ce kowane layi a shafin sharuɗɗa ya samu gwajinsa a gefensa, da ranar da aka yi da sakamakon. Kayan gwajin kuwa yawanci suna kemis da kicin. Ma'aunin zafin jiki na asibiti an yi shi ne don tsakanin digiri 35 da 42, daidai inda kuke aiki, kuma ya fi yawancin sensocin kasuwa daidaito. Sayi biyar, ka sa a kusurwa huɗu da tsakiya, ka ga ko allonku gaskiya yake faɗa. In kuna amfani da sensar auna zafi ta DHT11, ku sani kuskurenta yana kaiwa digiri biyu sama ko ƙasa, alhali sharaɗinku rabin digiri ne, wato ta faɗi tun kafin a kunna ta. DS18B20 ta fi ta nesa ba kusa ba. Ma'aunin laima kuma, zuba gishirin miya a murfin kwalba, ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, rufe su tare a leda mai zif kwana ɗaya. Ya kamata ya nuna kashi 75, abin da ya kauce shi ne kuskurensa. Gwajin batir, zare wayar sola da la'asar ka ga ƙarfe nawa za ta mutu. Gwajin zafi, rumfar kwano da tsakar ranar Afrilu kyauta ce. Gwajin jijjiga, ɗora ta a bayan a-kori-kura a bi da ita hanyar ƙauye a dawo, sannan a kunna.

Duk wannan yana amsa tambaya ɗaya ce, ko kun ƙera abin da kuka rubuta. Akwai ta biyu, ko abin da kuka rubuta shi ne abin da ke fitar da 'yan tsaki a hannun mai saye. Wannan sai an kai na'ura gidan mutum ta yi zubi biyu ko uku ba ku a wurin. A nan za ku gano cewa ƙwan ma yana cikin tsarin. In an zuba ƙwan da ba zakara, ko wanda ya kwana goma sha a kanti cikin zafi, babu na'urar da za ta ƙyanƙyashe shi, amma sunanku ne zai ɓaci a unguwa. Takarda ɗaya da Hausa, har da ajami in da hali, mai hoto, da ke nuna yadda ake haska ƙwai da tocila a kwana na bakwai da kuma daina juyawa a kwana na 18, ta fi muku wani sabon sashe amfani.

Abu na ƙarshe da ba zan yafe muku ba shi ne lamba da littafi. Kowace na'ura ta fita da lambarta a jiki, a littafi mai bango kuma a rubuta me aka sa mata, daga wane shago, ranar nawa, wa ya saya. Dalili shi ne kayan kasuwarmu ba sa tsayawa. Fankar da ka saya a Sabon Gari wannan watan, wata mai zuwa kwalinta ɗaya amma cikinta daban. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kowa ya koma neman madadin da ya fi sauƙi, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a canza ba a rubuta ba, ba a sake gwajin da canjin ya shafa ba. Wannan littafin ne kuma zai taimake ku ranar da kuka nemi shaidar MANCAP ta SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wadda ake ba kayan da aka ƙera a gida, domin suna duba ko abin da kuke fitarwa yau shi ne na gobe.

Abin da za ku bari ba shi da wuyar faɗa. Manhajojin zana tsari masu tsadar lasisi, kwamitocin bita, rahoto mai shafi ɗari, duk ba yanzu ba. Bita ɗaya ta awa biyu kafin ku yanka ƙarfen sabon samfuri ta isa, a gayyato wani injiniya daga waje, da mai gyaran firji, da mai kaji mai tsage gaskiya, a saya musu lemo su yi ta sukar zanen.

Nawa ne zai ci? Wani mai bincike, Eric Honour, ya nazarci manyan ayyuka ya tarar waɗanda suka fi dacewa da kasafi da lokaci su ne masu kashe kusan kashi 14 zuwa 15 na kuɗin aikin a wannan fanni. Manyan ayyuka ne ya duba, don haka ban ce ku ɗauki lambar kamar aya ba. Ni ma'aunina shi ne wa zai cutu in abin ya gaza, kuma za a iya dawo da shi a gyara? Na'urar ƙwai in ta gaza an yi asarar kiret goma da amana, abin da na lissafa ya wadatar. In wata rana kuka ce za ku ƙera kwalbar jarirai bakwaini, wadda a ido kusan fasaha ɗaya ce, zafi da laima da fanka, to wannan rangwamen duk ya faɗi. Can rai ne, akwai ƙa'idojin kayan asibiti na duniya, akwai NAFDAC, kuma babu layin da za a bari da sani.

Ku kuma kuna da abin da masu farawa ba su da shi, na'ura talatin a hannun mutane. Kafin ku rubuta layi ɗaya na sharuɗɗa, ku raba lambobin wayar masu sayen a tsakaninku, shida-shida, ku kira kowa, har waɗanda ba su yi ƙorafi ba. Ku tambayi ƙwai nawa aka zuba, nawa suka fito, a wane wata, ɗakin rufin me ne, wa ke kula da ita, ƙarfe nawa batir ke mutuwa. Ku jera amsoshin bisa watanni. In ka ga ƙorafin ya taru a Afrilu da Mayu, ka je da ma'aunin asibiti ɗaya daga cikin ɗakunan da ƙarfe biyu na rana, ka auna ɗakin tukuna kafin ka buɗe na'urar.